Ranar Hutu Ba Ta Bin Jinjirin Wata

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta kaure a gonarmu nan Gadarif lokacin yankan riɗi, tsakanin ma'aikata biyu Kiristoci, ɗaya ɗan Habasha, ɗaya mutumin Duwatsun Nuba. Na biyun ya ce ya ji wani mai wa'azi yana cewa tunda Ibraniyawan dā da ganin jinjirin wata suke fara lissafi, ranar hutu ta gaskiya tana kamawa ne ran 8, 15, 22 da 29 ga wata.

Ni Musulmi ne, amma duk wanda ya saba tsayawa duban watan azumi ya san inda wannan magana ta karkace. Wata kwana 29 ne ko 30, kuma Ramadan ko ran Talata ya kama, ba a taɓa ɗage Juma'a saboda shi ba. Haka yake a wurin Yahudawa: wata ke tsayar musu da Idin Ƙetarewa a watansu na Nisan, har sukan ƙara wata na 13 sau 7 cikin shekara 19 domin idin kada ya kauce wa lokacin nunar sha'ir, amma Asabar tana zagayowa duk kwana bakwai, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ta washegari. Ko da aka gyara kalanda a Rum a 1582, an kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka wayi gari Juma'a 15 ga wata, jerin ranaku bai gusa ba.

Lahadi kuwa asalinta daban ne, domin Kiristocin farko suna taruwa a cikinta bisa imaninsu cewa ranar ce Yesu ya tashi daga kabari, kuma Sarkin Rum Konstantin ya mai da ita ranar hutu a 321. Cocin Habasha yana girmama Asabar da Lahadi duka biyu, kuma a ganina wannan ya fi dacewa da Sudan, inda hutun mako yake Juma'a da Asabar, Lahadi kuma ranar aiki ce.

Riɗi ba ya jiran kowa in ya nuna, duk da haka nakan sallami ma'aikatan nan biyu kowace safiyar Lahadi, su je coci su dawo kafin azahar.

Naku,
Wani manomi daga Gadarif, Sudan