Yaya, ga labarin tsuntsun Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da Baba da yara gaba ɗaya. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, sai sanyi da duhun da ke rufe gari tun ƙarfe huɗu na yamma.

Rannan a waya kin tambaye ni ina ɗinkin da na yi wa Inna alkawari, na ce ya kusa. Wata biyu ke nan ina cewa ya kusa, kuma wallahi ba ƙarya nake yi ba. Ƙarshen ne ya ƙi zuwa.

Bari in kwatanta miki shi. Ɗinkin gicciye ake ce masa. Yadin, wanda ake kira Aida, an saƙa shi gida-gida, gida 14 a kowane inci, kowane gida da huda a kusurwoyinsa huɗu. Ki yi ɗinki ɗaya a karkace, ki ɗora wani ya gicciye shi, gida ɗaya ya cika ke nan. Nawa gida 70 ne a tsaye, 70 a kwance, wato inci 5 kowane ɓangare, bai fi tafin hannu da yatsu ba. Jan tsuntsu ne a kan reshe, da ganye kewaye da shi. Zaren sili 6 ne a murɗe, sai ki zare biyu ki saka a allura marar tsini. Na ninke yadin gida huɗu na gano tsakiya, na fara daga nan. Cikin mako uku jikin tsuntsun ya fito, har na ɗauka saura kwana biyu.

Sai na zo ɗinkin layin da ya kewaye hoton. Na taso ta dama, na taso ta hagu, da suka zo haɗuwa a ƙasa sai suka saɓa da gida ɗaya. Gida ɗaya tak, Yaya. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, har na gano a fuffuke ne na yi 11 a inda ya kamata in yi 12. Kuma daga fuffuken na ƙirga reshe, daga reshe na ƙirga ganye, to duk abin da ke hagu ya gusa. Wata maƙwabciyata da ta daɗe tana wannan aiki ta ce in bar shi, ba mai lura. Na ajiye shi kwana uku ina tunani. Amma ƙafar tsuntsun ba ta sauka daidai a kan reshen ba, kuma kin san idon Inna a kan ɗinki. Na kasa.

Warwarewa ta fi ɗinkin ciwo. Da bakin allura ake ɗago kowane gicciye ɗaya bayan ɗaya, a ja a hankali. Zaren ya yi gashi-gashi, jan ya bar burbushi a kan farin yadi sai da na riƙa tsince shi da ɗan hantsaki, hudojin kuma suka ɗan buɗe. Dare biyu na yi ina kwance aikin kwana goma. A dare na biyu sai da hawaye ya zubo mini, don ina tuna wadda nake yi wa da nisan da ke tsakaninmu. Daga baya na gane amfanin layuka masu kauri da ke kan takardar zanen da nake bi wajen ƙirga, bayan kowane gida 10. Masu gwaninta sukan ja irinsu a kan yadin da wani zare kafin su fara, don kuskure ya bayyana tun bai yi nisa ba.

Zaren da aka warware ba ya sake ɗinkuwa da kyau, saboda haka koren ya ƙare saura gida ashirin da 'yan kai. Inda zaren DMC ne, na kamfanin nan na Faransa, da lambarsa kawai zan nema, domin kowace kala da lambarta, baƙi ma 310 ne a ko'ina. Amma wanda ya zo cikin ƙunshin kayan ɗinkin da na saya ba lamba a jikinsa. Na ɗauki guntun da ya rage na gwada da ido, a hasken lantarki suka zama ɗaya, da gari ya waye sai na ga sabon ya fi duhu. Na tura shi ƙarƙashin ganyayen, ya zama kamar inuwa. Wannan kam ya yi mini daɗi.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne 'yan ɗigon nan da ke warwatse, gida ɗaya nan, gida ɗaya can. A wannan ɗinki ba a ƙulli, ana cusa wutsiyar zare ne a ƙarƙashin ɗinkin da ke baya. To gida ɗaya shi kaɗai, ina za ki cusa? In kuma kika ja zare mai duhu daga nesa ta baya, zai nuna ta gaba. Kowane ɗigo sai ya ci mini minti biyar. Bayan su ga baƙin layi na sili ɗaya da ake bi da shi a fitar da baki da gashin fuffuke, wanda sai da aka yi shi tsuntsun ya zama tsuntsu. Ido kuma ƙulli ne ɗan mitsitsi, a naɗe zare sau biyu a jikin allura a mayar kusa da inda aka fito. In aka koma ta huda ɗaya, ƙullin ya zurma baya. Sau biyar na yi kafin ya zauna.

Cikin wannan hali na ga hoton wani ɗinki da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, wanda wata mai suna Jane Bostocke ta yi a 1598. Akwai wuraren da aka warware a jikinsa, alamar hudar allura tana nan har yau. Na daɗe ina kallon wurin.

Wanki ya ba ni tsoro saboda jan zaren. Na sa ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ban murɗe ba, na naɗe shi cikin tawul. Na kifa fuskarsa a kan wani tawul ɗin na goge ta baya don kada ɗinkin ya kwanta. Shatin zoben katakon da ke riƙe yadin sai a guga ta uku ya fita, tun da nakan bar shi a ciki in kwana. Firam ma sau uku na buɗe, saboda layukan yadin suna tona asirin kowace karkata.

Yanzu dai yana gabana a kan tebur, ya ƙare. Zan ba mai zuwa gida ya taho da shi. Don Allah ki rataye shi inda rana ba ta dukansa, kada jan ya koɗe. Kada ki gaya wa Inna zancen fuffuken sai ta gama dubawa, sannan ki faɗa mini abin da ta ce, kalma da kalma.

Ki gaishe mini da Baba da kyau, ki shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki