Shayin fada da tramol na ɓata wa masu ciwon damuwa magani

Malam Edita, assalamu alaikum, a ɗan ba ni fili. Nan Maraɗi sai ka ga lokotoro ya rubuta ma mutum maganin ciwon damuwa, fluoxetine ko amitriptyline, ya sha kwana goma ya ce wai ba ya ci, ya watsar. Alhali irin wannan magani sai ya kai sati huɗu zuwa shida kafin a ga aikinshi sosai, kuma ba wanda ya tambaye shi me yake ɗurawa cikinshi bayan isha'i.

Fada ba ta tashi sai shayi ya zagaya sau uku, na farkon nan mai ɗacin tsiya, da safe ga neskafe wajen mai shayi, dattijai kuma goro a kumatu, duk kafeyin ne a ciki, sinadarin nan mai hana barci. Wajen awa 5 yake yi kafin rabinshi ya bar jiki, ke nan wanda ka sha ƙarfe goma na dare rabi na nan har ƙarfe uku, to ina barci? Mai damuwa dama barcinshi a lalace yake, ga faɗuwar gaba ga rawar hannu, gari ya waye jiki a mace sai ya ƙara wani kofin, laifi kuma a ɗora ma magani. Miligiram 400 na kafeyin a rana da masana ke cewa ba laifi, na mai lafiya ne fa.

Ban ce a yanke rana ɗaya ba, ciwon kai da kasala za su kama mutum, a rage sannu a hankali, daga la'asar a haƙura.

Wanda ya fi ba ni tsoro tramol ne. Shi asalinshi maganin ciwo ne amma wasu ƴan kabu-kabu da leburori na shan shi don ƙarfi, har cikin kafe ake jefa shi. In ya haɗu da fluoxetine serotonin, wani sinadari mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa, na iya yin yawa a jiki, zufa, zazzaɓi, ruɗewa, wani har ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, a gida kuma a ce aljanu ne a tafi ruƙiyya. Kuma kunya ba za ta bar yaro ya ce yana sha ba in babanshi na zaune gefe, shi ya sa nake roƙon likitocinmu su riƙa fitar da ɗan rakiya waje su tambayi mara lafiya shi kaɗai kafin su rubuta takarda.

Naku, wani mai karatu daga unguwar Zariya, Maraɗi