Ɗinya da 'yan uwanta: kada a yi wa dangin Vitex kuɗin goro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani ruɗani da na ga yana yaɗuwa game da dangin itatuwan da masana tsirrai ke kira Vitex, wato dangin da ɗinya ta fito daga cikinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya ƙanwata ta nuna mini wani saƙo da aka turo mata a waya, inda ake tallar wasu ƙwayoyi masu suna Vitex a matsayin maganin rikicewar al'ada da rashin haihuwa, aka kuma ƙara da cewa wai Vitex ɗin nan ba komai ba ce illa ɗinya, saboda haka wadda ba ta da halin sayen kwalbar sai ta tafasa ganyen ɗinya ta sha. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma ƙamshin nan ne yake hana mutane lura da inda aka saki hanya.

Vitex ba sunan bishiya guda ba ne. Sunan dangi ne da masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tabbatar a shekarar 1753, kuma a yau dangin ya ƙunshi nau'o'i wajen 250, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, wasu manyan bishiyoyi, wasu kuwa 'yan ƙananan itatuwa da ba su wuce tsayin mutum ba. Ɗinya ɗaya ce daga cikinsu, cikakken sunanta Vitex doniana, kuma tana fitowa tun daga Senegal har zuwa Sudan, ta gangara kudu zuwa Angola da Mozambik. Duk wanda ya tsinko ganyenta ya duba da kyau zai ga tambarin dangin: ƙananan ganyaye, galibi biyar, sun fito daga wuri guda sun baje kamar yatsun hannu, sannan ganyen yana fitowa bibbiyu a jikin reshe, ɗaya na fuskantar ɗaya. Idan kuma ya fasa ƙwallon da ke cikin ɗan, zai tarar an raba cikinsa ɗaki huɗu. Waɗannan alamomi ne suka haɗa su gida ɗaya, amma kama da wane ba ta wane.

Wadda ake zuba 'ya'yanta a kwalba daban take. Sunanta Vitex agnus-castus, asalinta ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum zuwa yammacin Asiya, inda take fitowa a gaɓar rafuka. Ƙaramar itaciya ce mai siraran ganyaye da furanni masu ruwan shuɗi a jere a kan tsinke, 'ya'yanta kuwa ƙanana ne, busassu, masu ɗan yaji. Ita kuwa ɗinya takan kai mita 20 ko fiye, ganyenta faffaɗa ne mai kauri, ɗanta kuma mai tsoka ne, yana farawa kore ya koma baƙi idan ya nuna.

Wannan ta Bahar Rum ɗin ita ce ta jawo wa dangin gaba ɗaya laƙabin da Turawa ke kiransu da shi, wanda ma'anarsa ita ce bishiyar kamun kai. Tarihin laƙabin ya samo asali ne daga tsohuwar Girka, inda matan birnin Atina kan shimfiɗa ganyenta a makwancinsu a lokacin wani biki nasu da ake ƙaurace wa maza, bisa imanin cewa tana kwantar da sha'awa. Daga baya masu zaman zuhudu na Kiristocin Turai suka riƙa barbaɗa 'ya'yanta a abinci da wannan niyya, har aka yi mata suna barkonon masu zuhudu. Ga alama harshe ma ya taimaka wajen ɗorewar zancen, domin sunanta da Girkanci ya yi kama da kalmarsu ta tsarki, sai aka riƙa ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya. Abin da ya ba ni dariya shi ne, tsiron da mutanen zamanin da suka nema don su guje wa aure, shi ne yau ake tallatawa ga masu neman haihuwa.

Ba ina cewa itaciyar ba ta da amfani ba ne. Masu bincike sun gano cewa 'ya'yanta na ɗauke da sinadaran da ke aiki a kan wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, su rage fitar furolaktin, wato sinadarin jiki da ke kawo ruwan nono, wanda kuma yawansa kan dagula al'adar mace. A shekarar 2001 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani gwaji da aka yi a Jamus a kan mata 170 masu fama da laulayin gabanin al'ada, na tsawon zagayen al'ada uku. Kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin sun sami sauƙi sosai, yayin da a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kashi 24 ne suka ce sun samu. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi don wannan laulayi. Sai dai a lura da kyau: an yi gwajin ne da abin da aka tace daga 'ya'yan agnus-castus, a kan awo na miligiram 20 a rana, ba da ganye ba, ba kuma da ɗinya ba, sannan abin da aka auna laulayi ne, ba samun ciki ba. Ita hukumar ba ta ba da shawarar mai juna biyu ko mai shayarwa ta sha ba, ta kuma ja kunnen cewa maganin na iya ɓoye alamomin ƙari a wannan 'yar halitta ta ƙwaƙwalwa, alhali shi ƙarin kansa yana daga cikin abubuwan da ke hana mace samun ciki. Matar da ta shafe wata shida tana haɗiyar ƙwayoyin nan ba tare da an auna jininta ba, tana iya jinkirta gano ainihin ciwonta.

Ruɗanin suna bai tsaya a nan ba. Larabawa na kiran agnus-castus kaffu Maryam, saboda ganyen da ya yi kama da tafin hannu, amma kuma da wannan sunan suke kiran wani busasshen tsiron hamada mai naɗewa kamar dunƙulen hannu, wanda ko kusa ba ɗan dangin Vitex ba ne.

Ko a cikin dangin ma, kowace da halinta. A ƙasar Filifin, ma'aikatar lafiya ta sanya Vitex negundo, wadda suke kira lagundi, cikin tsirrai goma da ta amince da su, amma don tari da asma. A Niyu Zilan, darajar wata 'yar dangin mai suna puriri a katakonta take, wanda aka yi ta yin shinge da shimfiɗar titin jirgin ƙasa da shi saboda ba ya saurin ruɓewa. Wata kuma mai yaɗo a bakin teku, Vitex rotundifolia, an kai ta Amurka daga Koriya a shekarun 1980 don ta riƙe yashin gaɓa, sai ta mamaye gaɓar jihohin Karolina har tana hana kunkurun teku wurin yin ƙwai, aka koma kashe kuɗi ana tumɓuke ta.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk lokacin da jaridarka za ta buga bayani ko talla a kan maganin da aka samo daga tsiro, ta dage sai an rubuta cikakken sunansa mai kalma biyu, an kuma faɗi ɓangaren da aka yi amfani da shi, ganye ne ko ɗa ko saiwa ko ɓawo, da kuma awon da aka gwada. Mai tallar da ya kasa kawo waɗannan bai cancanci fili a shafinka ba. Ita dai ƙanwata na ɗebo mata ganyen ɗinya, na ajiye shi kusa da hoton siririn ganyen da ke jikin kwalbar, ta duba ta ga bambancin da idonta, kuma ta yarda za ta je a auna mata furolaktin kafin ta sha komai.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka a kullum