Wasiƙa zuwa ga ɗana kan ƙugiyar masana'anta

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Na ji an ɗora maka zaɓen ƙugiyar lantarki mai ɗaga kaya (kiren) da za a kafa a masana'antarku, kuma hankalinka ya karkata ga mai tan 10 tunda kayanku mafi nauyi bai wuce tan 8 ba. To, da sauran lissafi.

Za ka tarar da ƙugiya biyu, kowacce an rubuta mata tan 10, amma ɗaya an ƙera ta ne don ɗaga kaya jefi-jefi, ɗayar kuma don ta wuni tana aiki. Abin da ya raba su shi ne ajin aiki, wanda a ma'aunin ISO, hukumar ma'aunai ta duniya, ya tashi daga M1 zuwa M8. Ɗakin gyara, inda sai an buƙata ake kunna ta, M3 ta ishe shi. Inda ake lodi safe da yamma, sai M5 ko M6. M7 da M8 na irin masu narka ƙarfe ne. Dillali ba zai fara da wannan zance ba, farashi zai fara nuna maka, don haka kai ka tambaya. In ka ba M3 aikin M6 ba za ta faɗo a ranar farko ba. Injin ne zai riƙa ɗaukar zafi, birki ya cinye da wuri, igiyar ƙarfe ta soma tsintsinkewa, ku dawo kullum gyara alhali aiki na tsaye. Kafin ka kira kowane kamfani, zauna da ma'aikatan da za su riƙe ta, ku ƙirga sau nawa ake ɗagawa a awa, da nauyin da aka fi ɗagawa.

Ginin ma injiniya ya duba shi, domin ginshiƙai ne za su ɗauki nauyin ƙugiyar da na kayan gaba ɗaya. In ba za su iya ba, akwai mai ƙafafu da ke tafiya a kan dogo a ƙasa.

Wutarta mai layi uku ce, kuma injin kan ja wuta ninki-ba-ninki lokacin tashi. Ka nemi mai inbata, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, tana tashi a hankali, kaya ba sa lilo sosai. Birki kuwa, ban yarda da kowane iri ba sai wanda ke kama kansa da zarar wuta ta ɗauke. Haka kuma ka tabbata tana da na'urar da ke hana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta.

Kada ka sa hannu a takardar karɓa sai an gwada ta a gabanka da nauyin da ya ɗara nata da kashi 25 cikin 100. Ka kuma sa su rubuta maka inda za a samu kayan gyara, da wanda zai zo in ta tsaya.

Mahaifiyarka tana gaishe ku. Ka aiko min da takardun kamfanonin in gani kafin ku biya.

Mahaifinka