Labarin matashin da yunwa ta kashe a dajin Alaska

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in ce wani abu kan littafin da muka karanta da ɗalibaina wannan zangon, labarin Christopher McCandless, saurayin nan ɗan Amurka da ya gama jami'a a 1990, ya kwashe dala dubu 24 ya ba ƙungiyar agaji ta Oxfam sadaka, ya shiga duniya ko sallama bai yi wa iyayensa ba.

A Afrilun 1992 ya kutsa dajin Alaska da ɗan buhun shinkafa da ƙaramar bindiga, ya tare a wata tsohuwar bas da aka yasar. Da ya tashi komawa gida a Yuli sai ya tarar kogin Teklanika ya cika ya batse, ga shi akwai igiyar tsallakawa ba nisa da wurin amma ba shi da taswira mai kyau da za ta nuna masa, haka ya juya yunwa ta yi ta cinsa har ya rasu a Agusta yana da shekara 24, mafarauta suka tsinci gawarsa a Satumba.

Yaran aji sun rabu biyu, wasu na cewa jarumi ne wasu na cewa ganganci ne kawai. Ni wallahi mahaifiyarsa ce ta tsaya min a rai, shekara 2 cur ba wasiƙa ba waya. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu idonta ya ciko ta ce yayanta ma tun da ya kama hanyar Agadas ba su ƙara jin muryarsa ba, na rasa abin da zan ce mata.

Naka,
Wani malamin sakandare, Katsina