A ɗauki nauyin horar da kurtu, a ƙulla masa sharaɗin aiki a gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana a kan kuɗin horar da kuratan 'yan sanda, saboda a nan ne batun ɗan sandan gida yake tsayawa ko ya faɗi.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi aikin tsaro tare da jama'ar gari, kuma a shekarar 2020 ɗin gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don soma shirin. Hedikwatar rundunar ma ta sha faɗin cewa za a riƙa mayar da sababbin kurata ƙananan hukumominsu na asali. Hikimar a fili take. Ɗan Batsari ko ɗan Maradun ya san burtalin da ya ɓulla daji, ya san ranar kowace kasuwa, yana gane baƙuwar fuska a tasha, kuma tsohuwa za ta raɗa masa abin da ba za ta taɓa faɗa wa mai neman tafinta ba.

To amma a yi lissafi. In aka ɗauki kurata 10,000 aka raba wa ƙananan hukumomi 774, kowace za ta tashi da kusan 13 ne kacal. Biyar suka zurare, shirin ya mutu. Kuma tun daga bakin ƙofa suke zurarewa. Ana cike takardar nema ta intanet, ana jarrabawa a kwamfuta, ana son mai shekara 18 zuwa 25 da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Yaron ƙauye da ya cika sharuɗɗan sai ya yi ta zarya babban birnin jiha: yau tantance takardu, gobe awon tsawo da ƙirji, jibi gwajin lafiya. Kuɗin mota ya ƙare, ya haƙura ya koma gona. Gurbinsa sai ya faɗa hannun wanda ya samo takardar shaidar ɗan asali alhali bai taɓa kwana a garin ba. Wannan kuwa, da an gama wata shida na horo, uban gidansa zai nemo masa canjin wurin aiki zuwa birni, ko ya koma rakiyar wani babba.

Cikin kwalejin ma akwai gyara. Jama'a ba su manta da 2013 ba, lokacin da gidan talabijin na Channels ya nuna halin da kwalejin Ikeja take ciki, ɗakunan kwana a lalace, kurata sun yi cincirindo a kan abinci ɗan kaɗan, har Shugaba Jonathan ya kai ziyarar ba-zata. Kurtun da ya ci bashi ya sayi katifa da bokiti da takalmi, da bashin zai fito, kuma kowa ya san a shingen hanya zai nemi fanshewa. In shingen a garinsu yake, mutuncin kakin da na gidansu sun zube tare.

Ina za a samo kuɗin? Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da aka kafa a 2019 an tsara masa kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya, sai dai a 2022 Babbar Kotun Tarayya, a ƙarar da Jihar Ribas ta shigar, ta ce cire kuɗin kai tsaye ya saɓa wa tsarin mulki. Don haka bai kamata a jingina da shi kaɗai ba. Jihohi su shigo. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024, wato in an so ana samun kuɗi. Sashe na 214 na tsarin mulki ya hana jiha kafa rundunar 'yan sandanta, amma bai hana ta ɗaukar nauyin 'ya'yanta ba.

Shawararmu ita ce jiha ta biya kuɗin zirga-zirgar tantancewa, ta buɗe ajin koyon kwamfuta na mako huɗu a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma kafin jarrabawa, ta ba kowane kurtu kayan kwana da kaki biyu da takalmi, sannan alawus na wata-wata ya shiga asusunsa na banki kai tsaye, kada ya bi ta hannun kowa. Shi kuma ya sa hannu cewa zai yi shekara biyar a ƙaramar hukumarsa, in ya nemi tashi kafin nan ya mayar da abin da aka kashe. Yarjejeniyar ba za ta yi ƙarko ba sai da sa hannun Sufeto Janar, mai ikon sauya wurin aiki, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da ikon ɗaukar kurata a 2023. Kafin a tura sunaye, a manna su a sakatariya mako biyu, mai unguwa da dagaci su shaida cewa yaron nasu ne.

Akwai hatsari, ba mu ɓoye ba. Dattawa suna tuna yadda aka yi amfani da 'yan dokan En'e, wato 'yan sandan hukumomin gargajiya na wancan zamani, wajen musguna wa 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU. Saboda haka kada a ajiye kurtu a mazaɓarsa, inda zai kama ɗan kawunsa ko ya kau da kai. A kai shi wata gunduma a cikin ƙaramar hukumar, baturen 'yan sandan yankin kuma ya zama baƙo. Sannan a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, sun san gidan uban kowane mai kaki. Dole kasafin ya haɗa da ɗaki a bariki don iyalinsa da inshorar rai da za a biya magada cikin wata uku.

Wassalam.

Wasu masu bibiyar harkar tsaro,
Katsina