Mara lafiyar da ba shi da mai jinya

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ara mini fili in yi magana a kan mutanen da ke kwana a rumfunan kasuwa da tashoshin mota da ƙarƙashin gadoji a birnin Kano, da abin da ke samunsu idan ciwo ya kayar da su.

Atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Akwai wani dattijo ɗan dako da ke kwana a bakin shagon maƙwabcina, wanda ya gudo daga Zamfara bayan 'yan bindiga sun ƙone ƙauyensu. Da damina ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da ɗaukar diloli, don ranar da bai ɗauki kaya ba, ranar bai ci ba. Bayan kamar mako biyu muka tarar da shi da sassafe yana rawar ɗari, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, ƙuda na bin ta. Ni da yaron shagona muka sa shi a adaidaita sahu sai asibiti.

Tun ba a kwance tsumman ba aka fara tambaya: "Wa ya kawo shi? Ina 'yan'uwansa? Wa zai tsaya masa?" Na yanki kati, aka miƙo mini takarda in sayo safar hannu da sirinji da auduga da ruwan ƙari. Aka ce sai an ƙara masa jini, in nemo mai bayarwa. Da magariba ta gabato wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini, "Alhaji, in ka tafi wa zai juya shi da dare? Wa zai kai masa fo?" Wallahi ban ga laifinta ba, ita kaɗai ce a ɗaki cike da marasa lafiya. Amma a nan na gane cewa asibitocinmu sun ɗauka kowa yana zuwa da mai jinyarsa, mai sayo magani, mai kawo kunu, mai ba da jini. Wanda ya zo shi kaɗai, ko an ba shi gado, kwanciya kawai ya yi.

Abin haushin shi ne doka ba ta manta da irinsa ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, kuma wanda ya saɓa zai iya biyan tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Dokar ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa. A 2022 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya, har da tanadin asusu na musamman don masu rauni. To ina dattijon nan a cikin wannan duka? Da na je tambayar yadda za a yi masa rajista, aka ce sai lambar NIN da mazaɓa da adireshi. Takardunsa sun ƙone tare da ɗakinsa, adireshinsa kuwa bakin shago ne daga isha'i zuwa asuba.

Haka almajirai. Dubi kan yaron da ya miƙo maka robarsa, makero ne. Dubi tsakanin yatsunsa, ƙazuwa ce. Ba ma tuna lafiyarsu sai annoba ta zo. A 2020, lokacin korona, aka riƙa loda su a motoci ana mayar da su jihohinsu. A 2023 mashaƙo ya fi yin ɓarna a Kano, mafi yawan waɗanda ya kama kuwa ba a yi musu rigakafi ba. Mai rigakafi gida gida yake bi yana tambayar uwa, yaron da ke kwana a zaure kuwa uwarsa na can wata jiha.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha: a rubuta sashe na 20 da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar kowane sashen gaggawa. A sa jami'in walwala da ɗan kuɗi a hannunsa wanda zai tsaya wa marasa kowa, a kuma karɓi shaidar mai unguwa ko shugaban kasuwa a madadin adireshi. Hukumar Zakka da Hubusi ma me zai hana ta ajiye tebur a manyan asibitoci? Mu 'yan kasuwa ban cire mu ba. Da azumi muna raba turamen atamfa ana ɗaukar hoto, amma kuɗin jinyar dattijon nan sai da na bi layi biyu shago shago kafin ya haɗu.

Yaron shagona ne ya ba da jinin, shi ne kuma ya kwana a tabarma gefen gadon har aka sallame su. An yanke wa dattijon yatsu biyu. Ya dawo kasuwa da sanda, dila ta fi ƙarfinsa yanzu, sai sharar gaban shaguna muke ba shi. An ce ya koma wankin ciwo duk bayan kwana uku, ya je sau biyu.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano